Hannun Daman Zulkifilu

Springfield, Virginia
Nuwamba

Yaya Sailuba,

"Me kuka ba shi ya ci tun yana yaro?" Da wannan tambayar matar ta tare ni jiya, ko kujera ba ta nuna mini ba, shi ya sa ni ma na jefo miki ita kafin gaisuwa. Ki yafe mini. Ina fata kuna lafiya, ke da 'yarki Tayyiba da sauran mutanen Tudun Wada. Yaya sukarin naki, kina dai shan magani? Mu nan lafiya lau. Maigidana Dabo yana gaishe ki. Sanyi ya shigo, ya koma kwana da hular ulu kamar jariri.

Kin san abin da ya sa na koma rubutu. A waya sai mu gaisa, mu gai da gajiya, mu gai da maƙwabta, layi ya yanke ba mu zo kan magana ba. Tayyiba ta buga miki wannan a takarda, ki sa tabarau ki karanta a natse.

Sunan matar Becky. Ita ke horar da Zulkifilu a wani wurin motsa jiki a Manassas, tsohon sito ne da aka cika da ƙarafa. Gajera ce, ba ta kai kafaɗarsa ba, amma in ta ɗaga gira ƙattin da ke wurin sai su ajiye waya. Tunda shekara goma sha biyu ina bayyana miki wasan besbol kina cewa "to", bari in sake. Mutum ɗaya yana tsayawa a kan ɗan tudu yana jifa da ƙwallo mai tauri kamar goruba. Wani yana jiransa da kulki. Aikin ɗanmu shi ne jifar, kuma ana biyansa ne don mai kulkin ya kai duka ya sami iska.

Kin tuna jijiyar gwiwar hannunsa da ta tsinke bara, likita ya ɗauko wata a cinyarsa ya dasa. Tun lokacin bai yi wasa ba. Yanzu kulob ɗinsu ya ce ya zo sansaninsu na Florida a watan Fabrairu su ga hannun. In ya yi musu, ya ci gaba. In bai yi ba, akwai yara a layi. Likitan kuma ya faɗa mana a fili cewa jijiyar da aka dasa in ta sake tsinkewa, kaɗan ne ke dawowa fili.

Na ɗauka zan tarar ana ta wahalar da hannun. Ashe yawancin aikin na ƙafa ne da ƙugu. Na ga ɗanki yana tura wani abu mai kama da kurar kasuwa, an jibga masa ƙarafa, daga bango zuwa bango. Da a Sabon Gari ne da ya tara kuɗin aure. Daga nan ya ɗauki ƙwallo mai nauyin tulu yana maka wa bango. Hannun kuwa, wanda saboda shi muka zo, igiyar roba kawai ake ba shi ya ja a hankali, sai wasu 'yan ƙarafa da Tayyiba za ta ɗaga da yatsa. Becky ta ce jifa daga ƙasa take tasowa, ta bi ƙafa, ta bi ƙugu da baya, hannu ɗan aike ne kawai. Ta ce ba ta taɓa ganin wanda ke murɗa ƙugu kamar shi ba tare da an koya masa ba, abin da ya kawo tambayar abinci ke nan.

Na ce mata ba abinci ba ne, babansa ɗan dambe ne. Na nemo mata dambe a waya. Ta kalla, ta mayar baya, ta sake kallo, ta ce ai motsin ɗaya ne, sai dai su babu ƙwallo a hannun. Ta tambayi me ya sa ake naɗe hannu ɗaya da zare. Na ce shi ne wanda ake ci da shi.

Akwai wani abu a tsarinta da ya burge ni. Kullum kafin ya taɓa komai sai ta tambaye shi zafin gwiwar, daga sifili zuwa goma. Da amsarsa take yanke nauyin da zai ɗauka da yawan jifar ranar. In ya ce biyar, ranar babu jifa. Shi kullum biyu yake cewa. Becky tana alfahari da shi, wai shi kaɗai ne a cikin 'yan wasanta ba ya ƙorafi. Ni da nake cin abinci da ƙididdigar marasa lafiya, lambar da ba ta motsi takan sa ni ƙaiƙayi, amma baƙuwa ce ni a wurin.

Bai ce in gaishe ki ba, kamar yadda ke ma ba za ki ce in gaishe shi ba. Na isar da gaisuwar kowannenku kamar kullum.

Ƙanwarki,
Sharifa

Tudun Wada, Zariya
Disamba

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da duk wanda ke gidan. Mu nan alhamdulillahi. Magani ina sha in na tuna. Ɗan tuntuɓe na yi a bakin rijiya, yatsan ƙafa ya ɗan fashe, amma da sauƙi. Tayyiba ta gama jarrabawa, yanzu aikinta kallon waya da ƙona mini miya.

Na karanta bayanin wasanku, kuma wannan karon na gane. Ana biyan wani ya yi jifa, a biya wani ya rama da sanda. Shekara talatin ina raba irin wannan a filin makaranta, ba wanda ya ƙara mini ko kwabo.

Ki gaya wa matar tuwon dawa da miyar kuka ya ci, sai bulala ranar da ya tsallake katanga. Na yi mamaki da kika ce mace ce ke horar da su, sai na tuna ni ma maza na horar, har da waɗanda yanzu suke wuce ni a mota suna ɗaga hannu. In tana da gira kamar yadda kika ce, ta isa.

Abin da ta faɗa na ƙugu gaskiya ne. Marigayi babansa ma in kaka ta gabato ba hannu yake fara gyarawa ba. Gudu yake yi zuwa rafi bayan asuba, ya dawo ya saɓa cinyar bijimi daga mahauta zuwa kasuwa, alhali akwai yaran da aikinsu ke nan. Yakan ce wanda ƙafarsa ba ta kama ƙasa ba, dukansa shafa ce. Sai dai ban so kika nuna mata damben ba, Auta. Na ɗauka wannan mun bar shi a nan.

Ɗanki dai yana cin abinci ko? A hoton da kika turo wa Tayyiba na ga wuyansa ya yi kauri amma idon ya faɗa. Ba wai na tsaya kallo ba ne, wucewa nake yi ta nuna mini.

Lami 'yar unguwarmu, wadda ke zaune kusa da ku, za ta koma Annandale mako mai zuwa, na ba ta kilishi da kuka da daddawa, in masu duba kaya sun bari. Akwai man zafi a ciki. Na Dabo ne, saboda bayansa. In kuma akwai wani mai bukata a gidan, ba a hana shi ba.

Allah ya tsare ku.

Yayarki,
Sailuba

Springfield
Ƙarshen Disamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙin yatsa, ki daina zuwa rijiya, me aka haifi Tayyiba ta yi? Kuka da daddawa sun iso, kilishin ya tsaya a filin jirgi yana yi wa ƙasar Amurka hidima. Dabo ya gode da man zafin, ko da yake kwalbar ta ɓace daga ɗakinmu washegari. Mu lafiya, ban da mutum ɗaya, kuma saboda shi nake rubutu.

Ranar Juma'a muna cin abinci, Dabo ya ce a miƙo masa ruwa. Zulkifilu ya ɗauki jug ɗin ya miƙa masa da hagu. Ya ce afuwan, Dabo ya karɓa bai lura ba, domin Dabo in yana gaban tuwo ko gobara ba ya gani. Ni na gani. Yaron da kika ba ni yana ɗan shekara goma sha biyu, wanda ya taɓa dawowa daga makaranta ransa a ɓace saboda malamarsu ta miƙa masa littafi da hagu, shi ne ya miƙa wa Kawunsa ruwa haka. Daga ranar na sa ido. Ƙofar mota da hagu. Buta da hagu. Tuwo kaɗai yake ci da dama, shi ma yana sunkuyar da kai ya tarbi lomar a hanya.

Na tare shi a kicin na ce yaya hannun. Ya ce, "Da sauƙi, Anti." Na ce ni ba maƙwabciya ba ce da ta zo dubiya. Ya yi dariya, ya juya zuwa Turanci, kin san can yake gudu in ba ya son a kama shi, ya ce na'urar da ke auna gudun ƙwallo ta nuna ya kusa komawa yadda yake kafin tiyata, me kuma nake so.

Sai na je wajen Becky ni kaɗai. Na zaunar da ita na yi mata darasin da ba a koya mata a jami'a ba. Na ce a wurinmu mutum yana kwance an kira 'yan'uwa na nesa, ki ce masa yaya jiki, zai ce da sauƙi. Ba ƙarya yake yi ba, godiya yake yi wa Allah, kuma yana rage miki nauyi. Na ce biyun nan da take rubutawa kullum ba awo ba ne, ladabi ne. Sifili zai zama cika baki, uku zai zama raki, sai ya zauna a kan biyu. Yaya, da kin ga fuskarta. Tun kaka take ƙara masa nauyi da jifa a kan gaisuwa.

Matar kirki ce. Ranar ta dakatar da jifar, ta ce sai an ɗauki hoton gwiwar. Shi kuma ya ƙi. Ya ce duk hoton da aka ɗauka sai ya je hannun kulob, kuma in suka ji kalmar hoto kafin Fabrairu sun gama da shi. Ta ce ba za ta iya jan baligi zuwa asibiti a kan zaton antinsa ba, sai shi ya faɗa da bakinsa, amma a wurinta ba zai sake jifa ba. To, ya bar mata wurinta. Yanzu wani fili yake zuwa bayan wata makaranta, shi da raga, cikin wannan sanyi, babu mai ƙirga masa, babu mai cewa ya isa. Wato da dabarata na cire shi daga hannun mai sa ido na kai shi inda ba kowa. Ki ajiye wannan don ranar da zan sake yi miki taƙama da digiri.

Ni kuma ya daina yi mini musu. Yana gaishe ni har da rusunawa, yana wanke motata, yana cewa "to, Anti" ga duk abin da na faɗa. Na fi son lokacin da yake buga ƙofa. Ya ce wa Dabo na tona masa asiri a gaban bare.

Ga abin da nake roƙo. Ki kira shi, ke da kanki, ba ta bakina ba, ba ta bakin Tayyiba ba. Ki tambaye shi hannun. Na san ɗan fari ne, na san kunya, ɗaki ɗaya aka yi mana tarbiyya. Amma shekara ashirin da huɗu yana "ɗanki" da "wancan" a bakinki, kuma na lura duk ranar da wasiƙarki ta zo sai ya sami abin yi a falo har in gama karantawa. Ni ya saba da muryata, ta zama kamar ƙarar firij. Ki zama uwarsa na minti biyar, in ya so ki mayar mini da shi.

Sharifa

Springfield
Janairu

Yaya Sailuba,

Ina fata lafiya. Ina faɗa ne da gaske, ba don an saba ba. Mu muna nan. Ƙanƙara ta sauka, an rufe makarantu, Dabo ya fita share ƙofar gida ya dawo yana neman man zafinsa.

Shiru ya yi yawa. Na kira, ba a ɗauka. Tayyiba tana amsa mini da "Umma tana barci", da safe barci, da la'asar barci. Ko dai kin zama kyanwa, ko kina fushi da ni. Na koma na karanta abin da na rubuta miki, na ga layin ƙarshe. A kaina wasa ne irin namu. A takarda ya fito da haƙora. Kin san bakina tun ina goye a bayanki, kullum yana riga hankalina isa wuri. Ban ce ba uwa ba ce ke. In akwai wadda ta yi aron ɗa a cikinmu, kin san wace ce.

Kulob ya aiko masa da tikitin jirgi. Ya manna shi a jikin firij, inda zan gani. A cikin firizar kuma akwai wata ledar koren wake da na saya tun azumi, kullum sai in tarar ta sauya wuri, ta narke ta sake daskarewa. A kan gwiwarsa take yini in ba na nan. Na sayo wata na ƙara.

Ki yi mini faɗa in za ki yi, amma ki yi shi a rubuce, kuma da wuri.

Auta

Tudun Wada
Ƙarshen Janairu

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Wasiƙunki biyu suna nan a ƙarƙashin matashina. Yau ba zan ce miki muna lafiya ba, za ki ji dalili.

Layin nan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Ranar da kuka tafi da shi ban raka ku Kano ba, kika ce mini a bakin mota ko leƙowa ba zan yi ba. Ban leƙo ba. Ina ɗaki da rigarsa ta makaranta, wadda aljihunta ya yage. Tana nan har yau. Duk wasan da ya yi a ƙasar nan taku, Tayyiba tana nemo mini a waya, in sa ta karanta mini lambobin da ban san ma'anarsu ba, in tambaye ta wannan mai kyau ne ko marar kyau. Sunan da ban kira da baki ba, a sujada ba na tsallake shi. Haka uwarmu ta yi wa Yaya Babba, ba wanda ya ce ba ta son sa. Na yi fushi da ke na kwana biyu, har na fara rubuta miki amsa mai zafi.

Ban gama ta ba, domin ƙafar ta ƙi. Yatsan da na ce miki da sauƙi ya yi baƙi, ya fara wari, ni kuma ina ɗaure shi da tsumma ina sa safa don kada yarinyar ta gani. Ranar da na kasa tashi alwala ta kira maƙwabta aka kai ni asibiti. An cire yatsu biyu. Ni na hana ta gaya miki, kada ki yi mata faɗa. Likitan, wani yaro ne da bai wuce sa'an ɗanki ba, ya tambaye ni me ya sa ban zo da wuri ba. Na ce ai da sauƙi ne. Ya ce, "Hajiya, da kin zo da shi yana ciwo, da kin koma da shi gida."

A gadon nan na sake karanta wasiƙarki, wannan karon ban tsaya a layin ƙarshe ba, na koma kan jug ɗin ruwa. Kin san yadda hannun babansa ya ƙare. Ya targaɗe a wuyan hannu a wani wasa, kowa ya tambaya ya ce da sauƙi, ya ƙara matse zaren ya sake shiga fili, domin makaɗa sun riga sun kira shi. Bayan wannan kakar ko wuƙar fawa bai ƙara riƙewa da kyau ba. Ni nake ɗaure masa tazuge har ya bar duniya. Yaron yana ƙarami, abin da ya riƙe shi ne kirarin da taron, bai ga tazugen ba.

Don haka ga yadda za a yi. Kada ki sa ya kira ni daga gida, zai gaishe ni in gaishe shi mu ajiye. Ki kai shi wajen matar nan mai gira, ki kira ni a gabanta, don abin da zai faɗa ya faɗa a kunnen wadda za ta yi aiki da shi. Kada ki gaya masa komai kafin nan, har maganar ƙafata. Ni zan faɗa.

Tun da na dawo gida nake gwada sunan in Tayyiba ta fita. Yana da tsawo, Auta. Ban san haka yake da nauyi a harshe ba, ni da na kira rajistar yara dubu.

Yayarki,
Sailuba

Springfield
Fabrairu

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma yaya ƙafar? Kada ki ba ni amsar da kika saba. Daga yau ke ma lamba za ki riƙa ba ni, daga sifili zuwa goma, kuma na haramta miki biyu. Maganar yatsun da kika ɓoye mini tana nan, na ajiye ta sai kin warke, domin ina so in yi miki faɗan kina tsaye.

Bari in fara da abin da kike jira. An ɗauki hoton. Jijiyar ba ta tsinke ba, amma ta kumbura ta fara sakewa a gefe ɗaya. Likita ya ce da ya je Florida ya yi jifa da ƙarfinsa duka a gaban masu kallo, ba ya jin za ta kai ƙarshen sansanin. Ba zai je ba. Kulob ya ce ya huta, ya ci gaba da aiki da Becky, za su sake dubawa da bazara. Ba su yi alkawarin komai ba, kuma mai yiwuwa wani ya zauna a gurbinsa kafin nan. Ya sani. Ya cire tikitin daga jikin firij da kansa. Jiya ya koma tura kurarsa, ya ce wa Becky huɗu, ta ce ba ta taɓa jin daɗin mummunar lamba haka ba.

Sauran kuwa ke kin ji da kunne, ni na gani da ido, don haka bari in cika miki.

Becky ce ta kira shi ya zo su yi sallama kafin tafiya. Ni kuma na ce ya rage mini hanya, zan sayi naman rago a shagon halal na Manassas. A mota ya kunna mini karatu, wanda a wurinsa hanya ce ta cewa in yi shiru. Muka shiga ɗan ofishinta, mai tagar gilashi da ke kallon masu ɗaga ƙarfe. Ya zauna yana ta godiya da Turanci mai kyau. Na danna lambarki, na buɗe murya, na ajiye wayar a kan tebur. Da ya ga sunan da ke jiki ya dube ni, na ga ya ɗauka rasuwa aka yi.

Sai kika ce, "Zulkifilu."

Kin faɗe shi duka, gaɓa bayan gaɓa, kamar ranar farko a aji. A nan kowa Zul yake ce masa, har ni. Yaya, tashi ya yi tsaye. Ya cire hular wasan da ke kansa ya riƙe a ƙirji, a gaban waya. Becky ba ta jin ko sannu da Hausa, amma ita ma ta ajiye biron da ke hannunta.

Lokacin da kike ba shi labarin ƙafar, bai zauna ba. Da kika zo kan tazugen babansa ya juya mana baya yana kallon bango. Sai ya yi abin da aka koya masa, ya ce, "Umma, yaya jikin?" Na san amsar da ke bakinki tun kafin a haife ni.

Kika ce, "Da ciwo. Yana hana ni barci. Naka fa?"

Shirun da kika ji bayan nan ba layi ba ne ya yanke. Yana tsaye ne yana murza hular. Ta gilashi ina ganin wani ƙato yana maka ƙwallo a bango, ina jin kowane bugu a haƙorina. Na yi niyyar sa baki, kin san ni, sai na tuna inda bakin ya kai mu.

Ya ce, "Yana ciwo, Umma. Tun kafin sanyi ya shigo."

Becky ta dube ni tana neman fassara. Ban ba ta ba. Ta dube shi, ta yi masa tambayarta ta kullum a hankali. Ya ajiye hular, ya ɗaga hannun hagu ya buɗe yatsu biyar, sannan ya ɗago na dama, a hankali, bai kai shi ko kafaɗa ba, ya ƙara biyu. Ta gyaɗa kai, ta dafa shi a kafaɗar hagu, ta fita kiran likita.

Muka rage mu uku, in an ƙirga waya. Na ji kin tambaye shi ko yana cin abinci, ya ce yana ci, kika ce ƙarya ne kin ga idonsa a hoto. Ya yi wata dariya da ban taɓa ji ba, ya ja kujera ya zauna, ya jawo wayar kusa da shi da hannun dama. Ya fara tambayarki ko rigar da Tayyiba ta taɓa gaya masa tana nan da gaske. Shekara goma sha biyu ina kai gaisuwar da ba a ba ni ba, ina dawo da wadda ba a aiko ba, sai ga shi an sallame ni daga aiki ba ko takardar godiya.

Na ɗauki jakata. Bai ɗago ba, ke ma ba ki tambayi ina Auta ba. Na bar muku wayar, na ja ƙofar a hankali har ta kama, na ratsa ta tsakanin ƙarafan na fita, na tafi sayen naman da na yi ƙarya da shi.

Sharifa